Tarken Hoto a Birnin Zariya a Zamanin Fim

Gabatarwa

Masu nazarin Hausa sun daɗe suna feɗe waƙa da zube da wasan kwaikwayo, har ma an yi wa waƙa gadon fiɗa nata na kanta, kamar yadda Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa. Amma akwai wani irin tarke da aka yi shekara da shekaru ana yinsa a zauruka da ɗakunan mata na birnin Zariya, wanda manazarta ba su cika kula da shi ba, watau tarken hoto. Hoton da ake nufi a nan shi ne wanda aka ɗauka da kyamara mai fim, aka wanke shi a kan takarda, ya zama abin riƙewa a hannu, a duba a miƙa wa na kusa, shi ma ya duba ya faɗi albarkacin bakinsa. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa wannan dubawa ba a yinta kara zube. Tana da ma'auninta da kalmominta, da ƙa'idar wanda ya isa ya yi magana da wanda ya kamata ya kame bakinsa. Za a kuma ga cewa halin fim ɗin kansa, da tsadarsa da jinkirinsa, shi ya haifar da mafi yawan waɗannan abubuwa.

Shigowar hoto

An bayyana wa duniya fasahar ɗaukar hoto a Faransa da Ingila cikin 1839, ba a jima ba kuma ta iso garuruwan bakin teku na Afirka ta Yamma. Kafin ƙarshen ƙarni na 19 har an sami 'yan ƙasa da suka ƙware a sana'ar, irin su Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rasu a 1905. A Zazzau kuwa kyamara ta biyo sawun Turawan da suka kafa mulkinsu a 1902, da jirgin ƙasa da ya ratsa zuwa Kano a 1911. Jirgin ne ya raya Sabon Gari, kuma a can ne galibin shagunan hoto na farko suka zauna, akasari a hannun mutanen kudu. Ke nan mutumin Kwarbai ko Limancin Kona da ke son hoto sai ya yi shiri na musamman, ya fita ta Ƙofar Doka, ya ratsa Tudun Wada, ya haye Kubanni. In kuwa babban mutum ne, sai a aika a kirawo mai hoto har ƙofar gida. Wannan nisa yana da muhimmanci, domin abin da aka yi wa tattaki ba a ɗaukarsa da wasa.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939 Abubakar Imam yana editanta, ta taimaka wajen sabar wa idon jama'a da ganin sarakuna da manyan mutane a kan takarda. Duk da haka birni ne na malamai, saboda haka tambayar halacci ta riga tambayar kyau. Malaman Malikiyya sun bambanta surar da ke da jiki da inuwa, kamar gunki, da wadda take shafe a kan takarda ko tufa, suka tsananta a kan ta farko, suka sassauta a kan ta biyu. A Masar kuma Mufti Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya rasu a 1935, ya yi rubutu yana halatta hoton kyamara, bisa hujjar cewa tsare inuwar abu ne kawai, ba ƙaga halitta ba. Wasu malaman ba su gamsu ba, har yau ma akwai masu ƙyamarsa. Abin da ya karya lagon gardamar a aikace shi ne larura: fasfo na aikin hajji, da takardun makaranta, da na neman aiki. Tsofaffi da yawa a birni ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba sai ranar da za a yi musu fasfo.

Halin fim da kalmomin da ya haifar

Ba za a fahimci tarken ba sai an san yadda aikin yake. Fim wata leda ce da aka shafe da sinadarin azurfa mai jin haske. Ƙaramin fim, mai faɗin milimita 35, yana ɗaukar hoto 24 ko 36; babban da ake sa wa kyamarori masu ido biyu irin su Rolleiflex da Yashica kuwa 12 kacal yake ɗauka. Mai hoto ba ya ganin abin da ya ɗauka sai ya ƙare fim ɗin, ya shiga ɗaki mai duhu, ya tsoma shi cikin ruwan maganin da ke fito da sura, sa'an nan cikin wanda ke tsayar da ita, ya ɗauraye ya shanya. Abin da ke fitowa shi ne nagetif, inda fari ke zama baƙi, baƙi ya zama fari. Daga nan sai a haska shi a kan takarda mai jin haske, ita ma a bi da ita ta cikin ruwan magani. Tsakanin ɗauka da gani ana iya yin mako guda ko fiye, musamman in mai hoto yana jiran fim ɗinsa ya cika. In an sami kuskure kuwa, biki ya riga ya watse, ba a maido shi.

Kalmar hoto kanta aro ce daga Ingilishi, inda harafin farko ya koma h a gaban wasalin o, kamar yadda ake samun fuɗu da huɗu, ko fula da hula, tsakanin karorin harshe. Amma aikatau da suka kewaye ta duk na gida ne, kuma suna da ban sha'awa. Bahaushe yana cewa “ya ɗauke ni hoto”, watau mutumin ne karɓau, kamar shi aka ɗauka ɗungurungum aka sa a takarda. Aikin ɗaki mai duhu kuma aka kira shi wanki: “an kai wanki”, “a wanko mini uku”. In aiki ya yi kyau sai a ce hoto “ya fito”, in haske ya shiga kyamara ya ɓata fim sai a ce “ya ƙone”, in ya tsufa launinsa ya gushe sai a ce “ya koɗe”, kalmar da ake yi wa tufa. Duk wanda ya san karofi zai ga dangantakar: a marina ma tsomawa ake yi, a fitar, a jira iska ta bayyana launi, a ɗauraye a shanya. Bahaushe bai rasa inda zai ajiye sabuwar sana'ar a cikin harshensa ba, ya sa ta kusa da rini da wanki. Daga baya ma'anar kalmar ta yaɗu, har aka sami “hoto ne kawai” ga mai riƙe da muƙami ba iko, da “hoto cikin bayani” a bakin masu nazarin waƙa.

Ma'aunan tarke

Ma'auni na farko shi ne kama. Kafin a ce kome sai an tabbatar cewa wane ne, “kamar ka kira shi ya amsa”. Amma kamar da ake nema ta wuce daidaiton hanci da ido. Ana son mutum ya fito yadda jama'a suka san matsayinsa. In malami ya fito da rawani a karkace, ko baki buɗe yana cikin magana, za a ce “bai yi kama da shi ba”, ko da kuwa kowa ya gane shi sarai. A nan karin maganar nan ta kama da wane ba ta wane ta sami sabon wurin zama. Kamar da ake nufi ita ce ta mutunci da kamala, irin siffofin da A. H. M. Kirk-Greene ya tattara a nazarinsa na mutumin kirki a 1974, inda ya lissafta kunya da hankali da ladabi da mutunci a cikinsu.

Saboda haka dattijo yakan zauna daram, ya fuskanci kyamara sosai, hannuwa a kan gwiwoyi, riga a baje, fuska ba yabo ba fallasa. Ba a son a ga haƙoransa. Ana kuma son a ga mutum cikakke tun daga hula har takalmi. Hoton da ya yanke ƙafa ko gefen hannun riga naƙasasshe ne. Stephen Sprague ya sami kusan irin wannan zama a wurin Yarabawan Ila-Orangun, kamar yadda ya bayyana a 1978, kuma tun da yake da yawa daga masu shagunan Sabon Gari mutanen kudu ne, ba mamaki a ce ɗabi'un biyu sun haɗu sun ƙarfafa juna. Sai dai abin da Bazazzage ke karantawa a zaman shi ne kwarjini da natsuwa. Ga basarake kuma akwai ƙarin sharuɗɗa: kunnuwan rawani su tsaya, amawali ya zauna inda ya dace, alkyabba ta sauka daidai a kafaɗu biyu. A hoton jama'a, wurin zaman kowa magana ce. Wanda aka sa a tsakiya, da wanda aka tsayar a baya, da wanda ya tsuguna a gaba, duk ana karanta su, kuma kuskure a nan yakan jawo ɓacin ran da ya fi hoton daɗewa.

Ma'auni na biyu shi ne haske, kuma a nan ne fasahar mai hoto take shan jarrabawa mafi tsanani. Fim yana da iyakar abin da zai iya riƙewa tsakanin fari fat da baƙi ƙirin, takarda kuma ta fi shi ƙuntata. To, ga mutum baƙi ko wankan tarwaɗa, ya sa farar shadda da ta sha bugu tana ɗaukar ido, rawani ya yi wa fuskarsa inuwa, ga kuma ranar Zariya a tsaka. In mai hoto ya auna haskensa da riga, fuska ta dushe, a ce “ya yi duhu, sai ido”. In ya auna da fuska, riga ta zama farin fili, aska takwas ɗin da maɗinki ya yi watanni yana yi ta ɓace ɗungum. A garin da ɗinkin hannu yake sana'ar gado, ɓacewar aikin riga ba ƙaramin aibi ba ne; mai riga ya biya kuɗin hoto ne don a ga fuskarsa a kuma ga abin da ya sa. Gwanin mai hoto shi ne wanda ya san ya kai mutum inuwar katanga, ko ya zo da hantsi ko bayan la'asar. A ɗaki mai duhu kuma yakan kare fuska da hannu ko da 'yar takarda na ɗan lokaci yayin da haske ke sauka a kan riga, don kowanne ya sami rabonsa. Wasu sukan bi nagetif da fensir mai tsini su shafe ƙuraje su haskaka fuska. In an yi da sauƙi a yaba, in an zarce har tsagar gado ta ɓace sai a ce an mai da shi wani.

Da hoto mai launi ya yawaita, wajen shekarun 1980, matsalar ta sake kama. Wanki ya bar hannun mai hoto ya koma ga manyan injuna, waɗanda ke auna hoto gaba ɗaya su raba haske. In farar riga ta cika fili, sai injin ya ƙara duhu don ya daidaita, fuska ta daɗa nutsewa. Daɗin daɗawa, katin gwajin da kamfanin Kodak ya daɗe yana bai wa masu wanki don daidaita launi hoton Baturiya ne, kamar yadda Lorna Roth ta bayyana a nazarinta na 2009. Ashe tsohuwar da ta dubi hoton jikarta ta ce “sun baƙanta min ke” gaskiya ta faɗa, ko da yake ba ta san inda laifin ya faro ba.

Ga samari da 'yan mata ma'aunin yakan sassauta. Saurayin shekarun 1970 yana iya tsayawa a karkace, da wando mai faɗin ƙafa da tabarau, ya ɗaga hannu don agogo ya fito, ko ya jingina da babur, a bayansa labule mai zanen bene ko jirgin sama. Irin wannan ya yi tashe a duk Afirka ta Yamma. Shi ne ya ɗaukaka Seydou Keïta da Malick Sidibé na Bamako, har na biyun ya sami babbar lambar yabo a Banis a 2007. Tarken irin wannan hoto a majalisar samari bincike ne na dukiya: agogon na wane ne, babur ɗin na wane ne, a ƙare da cewa zanen aro ba ya rufe katara. Wajen mata kuwa ana duban ɗaurin kallabi da zaman sarƙa da fitowar lalle. Amarya in ta sunkuyar da ido, yabo ne, an ce ta yi kunya. Namiji in ya yi haka, an ce ya yi kamar marar gaskiya.

Wa ya isa ya yi magana

Hoton fim abu ne mai adadi. In an yi na jama'a, kowa yakan biya kuɗin nasa, nagetif kuma ya zauna wurin mai hoto, wanda ke buga hatiminsa a baya don a san inda za a koma. Saboda ƙarancinsa, ba da shi kyauta ce mai nauyi. Akan rubuta 'yan kalmomi a bayansa da boko ko ajami, a sa a wasiƙa zuwa ga ɗalibi ko soja ko ɗan'uwa da ke fatauci a Kumasi. Saurayi da budurwa sukan yi musaya, in kuma an ɓata, neman a maido da hoto shi ne alamar cewa magana ta mutu. Tsoron kada a kai shi wurin boka ma yana cikin dalilan. A ɗakin mace, hoto yakan sami wuri a bango kusa da jeren kwanoni, baƙuwa kuma bayan ruwa da gaisuwa akan miƙa mata albam. Da yake kulle ya hana mai hoto wuce zaure a gidaje da yawa, albam ɗin nan ne hanyar da matan gida ke ganin hawan salla da taron da ba su halarta ba, su kuma yi masa sharhi ba sassauci.

Amma ba kowa ke faɗin abin da ya gani ba. Tarken hoto yana bin hanyoyin da al'ada ta riga ta shata na wasa da kunya. Kaka tana iya duban hoton jikanta ta ce, “Wannan mai wuya kamar mariƙin lema ne mijin nawa? Na fasa.” Taubashi yana da wannan dama, haka kuma Bakano a kan Bazazzage. Uwa kuwa in an miƙo mata hoton ɗanta na fari a gaban mutane, sai ta kau da kai ta miƙa wa ta kusa, ta bari sai ɗaki ya watse. Suruki ba ya wuce “Madalla, Allah ya sa albarka.” In hoton babba ne ya ɓaci, ƙarami ba ya cewa babba ya fito da muni, laifin duk sai a ɗora wa mai kyamara: “Allah ya gafarta Malam, ai yaron nan gaggawa ya yi.” Ta haka mai hoto ya zama juji, abin da ba a iya faɗa wa mai gida sai a zuba masa. Mai nazarin da bai san wannan ba zai ɗauka cewa masu hoton Zariya duk ba su iya aiki ba.

Idon birni da idon Samaru

Akwai wata mazhabar tarke dabam a 'yan mil kaɗan daga ganuwa. An kawo sashen koyar da zane daga Ibadan zuwa kwalejin Zariya a 1955, inda ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka yi ƙungiyarsu ta masu zane a 1958, kwalejin kuma ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Malamai da ɗalibai da baƙin manazarta sun riƙa shiga birni da kyamara. Ma'auninsu shi ne tsarin abubuwa a cikin fili, da wasan haske da inuwa, da kama mutum bai shirya ba, irin abin da Henri Cartier-Bresson ya yi suna a kansa. Abin da wannan ido ke yabawa sau da yawa shi ne abin da idon birni ke ƙi: tsohuwa da tulu, almajiri da ƙoƙo, katangar da damina ta zubar. Ga mai kyamara wannan gaskiya ce, ga mai gida kuwa tonon asiri ne, domin an ɗauke shi bai kintsa ba. Ba daidai ba ne a ce ɗaya ya waye ɗaya bai waye ba. Amma ya kamata mai amfani da hotunan da ke cikin littattafai da ɗakunan adana tarihi ya tuna cewa mafi yawansu da ma'aunin baƙo aka zaɓe su, mutanen da ke ciki kuma ba a ji ta bakinsu ba.

Inda idanun biyu suka fi kusantar juna shi ne wajen gini. Z. R. Dmochowski da J. C. Moughtin da Friedrich Schwerdtfeger duk sun auna gine-ginen Zariya sun ɗauki hotunansu, Hamman Tukur Sa'ad kuma ya yi nazarin yadda magina kansu ke auna kyan gini a kundinsa na 1981. Zanen da ake yi wa fuskar soro tudu da kwari ne na ƙasa, saboda haka in rana tana tsaka sai ya kwanta ya ɓace. Sai hasken safe ko na yamma da ke zuwa a kaikaice ke tayar da shi. Magini da malamin jami'a duk za su yarda cewa hoton da bai fito da wannan ba ya ci amanar aikin. Masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu (1834–1846) ya fi wuyar ɗauka, domin cikinsa duhu ne, sai an kafa kyamara a kan ƙafafu an bar idonta buɗe na ɗan lokaci kafin bakan gizonsa su fito. A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ginin da sabo, ran Juma'a 11 ga Agusta 2023 kuma wani sashensa ya rufta ana cikin sallar la'asar, aka yi asarar rayuka. Tun daga ranar hotunan fim na dā suka tashi daga abin ado, suka koma shaidar yadda hannun Babban Gwani ya bar wurin.

Abin da ya rage

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, ba a daɗe ba kuma masu kyamara a jiki suka biyo baya. Kodak ya daina yin fim ɗinsa na Kodachrome a 2009, ya kuma nemi kariyar kotu saboda bashi a 2012. Wanda ke ganin hotonsa nan take, ya goge ya sake sau goma, shi ne mai tarken kansa tun kafin kowa ya gani, don haka zaman jira da taron dubawa sun ragu ƙwarai. Takardun da suka rage suna fama da gara da laimar damina, wasu sun manne da gilashi ba sa ɓamɓaruwa sai da fuskar mai su. Nagetif kuma in ya fara warin tsami, to, ledar ce ke ruɓewa, kuma yana harbin na kusa da shi, sai a ware shi.

Kwafe hoto da na'ura abu ne mai sauƙi yanzu, amma rabin aikin ke nan, domin takarda ba ta faɗin sunan kowa. Ɗalibin da ke son ya tattara wannan fanni sai ya kwafi gaba da baya, saboda hatimin shago da rubutun hannu. Sa'an nan ya kai albam ɗin gaban mafi tsufan matan gidan, ya kunna rakoda, ya bar ta ta riƙa buɗewa da hannunta. In ya tambaye ta kai tsaye ko hoton marigayi mai gida ya yi kyau, ba zai sami fiye da addu'a ba. Gara ya tabbatar akwai jika ko taubashiya a ɗakin.